Tuwon Baƙo Daga Kwanon Wa Yake Fitowa?



Wani dare a watan jiya, bayan mun sallame isha'i a ɗan masallacinmu na layi, wani ɗan'uwa ya jira har kowa ya watse, sannan ya matso ya ce, "Malam, ina da tambaya, amma kada ka yi dariya." Iyalinsa ce, in ji shi, ta tsiri wani sabon abu. Ta juya bayan kalanda ta rubuta abin da za a ci kowane dare, daga Asabar har Juma'a: yau tuwon masara miyar kuka, gobe shinkafa da wake, jibi amala, haka dai. Kuɗin cefanen da yake ba ta kuma ta kasa shi gida bakwai, kowane kashi ta ɗaure da roba. Ranar Talata sai ga mutanen garinsu huɗu sun sauka daga motar albasa. Ya shigo da su zaure dab da magariba, ya tura yaro ya ce a ƙara tuwo. Aka ƙara, aka fito da shi, baƙi suka ci suka yi hamdala. Da ya shiga ciki sai ya tarar fuska ba walwala. Ta ce, "Maigida, yau dai mun cinye Talata da Laraba da rabin Alhamis."

Tambayarsa ita ce: wannan lissafi ba raunin tawakkali ba ne? Ashe ba da arzikinsa baƙo yake zuwa ba?

Dariyar dai mun yi. Kuma da a ce shekaru biyu baya ya tambaye mu, da nan take mun ba shi gaskiya, don mu ma a kan wannan tunani muka tashi. Unguwar nan tun da aka keɓe ta a 1916, a kan saukar baƙo ta ginu. Fatake su zo da shanu, su koma da goro, maigida ya ba su ɗaki, ya ajiye musu kuɗi, ya nemo musu mai saye, safe da dare kwano ya fito daga cikin gida. Maigidan da kwanonsa ya daina fitowa, baƙinsa sun koma wani zaure ke nan. Saboda haka ciyar da baƙo a wurinmu ibada ce, kasuwa ce, kuma suna ne. Sai dai idan dattawa suna ba da labarin masu gidan da, sunan maza muke ji. Wadda ta hura wuta tun asuba, ta tuƙa tuwon mutum ashirin da muciya, ba mu taɓa jin an ambace ta ba.

Abin da ya juya mana tunani ba karatu ba ne. Bara aka kwantar da uwargidanmu a asibiti kwana tara, tukunya ta dawo hannunmu mu da 'yarmu mai shekara goma sha huɗu. Mu da muke auna hatsi a Bodija, muke ganin ba wanda zai koya mana lissafin kongo, cikin kwana huɗu muka cinye abin da ita take ja har mako. Gas ya ƙare shinkafa tana kan wuta. Aka ɗauke wuta kwana uku, miyar da maƙwabciya ta taimaka mana da ita ta lalace a firji, don ba mu san ana tafasa ta safe da yamma ba. Dare uku a jere yara indomi suka ci. A dare na shida muka yi baƙi biyu, muka yi abin da muka saba, muka ce a zuba musu. Da muka leƙa kicin sai muka ga yarinyar nan tana kankare ƙanzo tana jiƙawa da ruwan miya. Muka ce ina naki? Ta ce, "Baba, ai haka Umma take yi duk ranar da ka yi baƙi."

Shekara ashirin da wani abu muna shan godiya a zaure. Ana ce mana Malam hannunka a buɗe yake, Allah ya ƙara buɗi, muna amsawa da amin. Ba mu taɓa tambaya ba ko mai tukunyar ta ci.

To ka ga ashe tambayar tawakkali tana ɗauke da wata a cikinta. Idan abin da ba a shirya masa ba ya faɗo wa gida, baƙo ne, ciwo ne, mota ce ta lalace a hanyar Ilori kaya ba su iso ba, dole wani ya rage cinsa. Wane ne wannan? A yawancin gidajenmu amsar ɗaya ce, kuma ba a shawarce ta ba. Mutum ya yi kyauta da abin da ke aljihunsa, wannan alheri ne. Amma ya yi kyauta da tuwon matarsa da ɗumamen da yara za su ci kafin su tafi makaranta, ya karɓi yabon shi kaɗai, wannan muna ganin sai an sake duba shi.

Ita ajiya da lissafi ba su taɓa zama kishiyar tawakkali ba. Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, tanadin shekara bakwai ya tsara wa Masar, har da dabarar barin hatsi a zangarniyarsa don kada ya lalace. Ya kuma tabbata cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya kasance yana keɓe wa iyalansa abincin shekara. Wa zai ce ya fi su dogaro ga Allah? Kuma labarin nan da muke son kawowa a wa'azi, na mutumin Madina da ya ɗauki baƙo alhali abincin yara kaɗai ke gidan, aka lallashi yara suka yi barci, aka kashe fitila don kada baƙon ya gane masu gida ba sa ci. Mukan tsallake wani wuri a cikinsa. Mutumin sai da ya je ya yi magana da matarsa, ita ta faɗa masa abin da ke gidan, tare suka shirya abin. Yunwar ta su biyu ce, ladan ma na su biyu. Bai zauna a waje ya tura yaro ya ce a ƙara tuwo ba.

Duk wanda ya yi Islamiyya har ya kai Risala ya san ciyar da iyali wajibi ne a kan miji, har ma an ce idan yana da wadata ya samar wa matarsa mai taya ta aiki. Baƙo ma yana da haƙƙinsa, kwana uku ne liyafa, abin da ya wuce nan sadaka ne. Amma ba a biyan wani haƙƙi da dukiyar wani mai haƙƙin. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowannenmu ya ƙara wa kayansa kuɗi, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Mutum nawa ne a cikinmu ya ƙara kuɗin cefane daidai da haka? Takardar bayan kalanda daga nan ta samo asali. Mace ce aka ba ta kuɗin kwana huɗu aka ce ta ciyar kwana bakwai.

Duk da haka tsoron ɗan'uwan nan ba na banza ba ne, kada mata masu karanta mu su ce Malam ya ba su gaskiya baki ɗaya. Lissafi yana iya zama ƙofa rufaffiya. Mun san gidajen da almajiri zai yi bara har muryarsa ta dishe, a ce masa ba a dafa da shi ba. Idan muka zama mutanen da sai an yi alƙawari kafin a ci tuwonmu, to mun zubar da abin da ya riƙe mu a ƙasar da ba tamu ba. Ku tuna watan Fabrairun 2021, lokacin rikicin kasuwar Sasa. Mutane sun baro rumfunansu da abin da ke jikinsu kawai, wasu suka nufo wurin 'yan'uwa. Bayan nan kuma motocin abinci suka tsaya daga Arewa na wasu kwanaki, tumatur da albasa suka yi tsadar da ba a saba gani ba. Wace takarda ce za ta tsaya a irin wannan mako? Ba ko ɗaya. Amma mun lura da wani abu. Gidajen da suka iya ɗaukar mutum goma, goma sha biyar, gidajen matan nan ne masu lissafi, waɗanda ba a raba su da rabin buhun masara, wake, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa da busasshen tumatur. Sun san kongo nawa ke ciyar da mutum nawa, sun san ranar da za a koma fate don garin ya kai. Masu cin na yau su manta da gobe, su ma nasu cikin suke nema wa.

Abin da muka ce wa ɗan'uwanmu bai da yawa. Muka ce kashi bakwai ɗin nan ya mayar da shi takwas, na takwas kason baƙo ne, kuma daga aljihunsa zai fito, ba daga cikin bakwai ɗin ba. Idan mako ya wuce ba baƙo, a sayi abin da ba ya lalacewa a ajiye. Muka ce waya tana hannunsa, mutanen nan tun daga Jebba suke kiransa, me zai hana ya sanar da gida tun la'asar? Idan kuma sun faɗo masa ba zato, Sabo ba ta rasa masu tuwon sayarwa da masu shayi da masu tsire ba, ba abin kunya ba ne ya sayo ya haɗa da na gida. Sannan kafin kwano ya fita zaure, a fara cire na yara da na mai girki. Wanda yake da mata biyu ya ƙara kula, don idan baƙi kullum a ranar girkin ɗaya suke faɗowa, an shiga haƙƙinta ko da ba a yi niyya ba.

Bai ji daɗin maganar kashi na takwas ba. Ya ce, "Malam, kai ma ka san yadda kasuwa take." Muka ce mun sani, ita ma ta sani, ita take zuwa wurin mai tattasai. Ya yi shiru, ya sa takalminsa ya tafi.

Juma'ar da ta wuce muka hange shi wajen Mokola shi da baƙi uku, yana riƙe da leda biyu, burodi a ɗaya, ɗayar kuma da alama garin masara ne. Da ya gan mu sai ya ɗaga ledar sama ya ce, "Malam, na yi waya tun azahar." Ba mu tambaye shi ko kason ya zama takwas ba, gaban baƙi ne. Mun bari sai an fito isha'i.