Hidimar Kasa Kunne

A karanta Ayuba 2:11-13 da 42:7-9.

'Yan'uwa, sa'ad da Elifaz da Bildad da Zofar suka iske Ayuba cikin toka, suka zauna a ƙasa tare da shi kwana 7, dare da rana, ba wanda ya ce uffan. A ganinmu, wannan ce mafificiyar hidimarsu. Gama da Ayuba ya buɗe baki da kuka, sai haƙurin saurare ya ƙare musu, suka shiga gardama, suna neman laifinsa. Daga baya Ubangiji ya tsauta musu.

Mu ma, in mun je gaisuwar mutuwa, mukan yi gaggawar kawo aya tun mai makoki bai rufe baki ba. Gwauraye nawa ne cikin ikkilisiyarmu suka daina gaya mana damuwarsu saboda wannan?