Wa Zai Auna Mudun?

Duk wanda aka taɓa aika kasuwa awo yana yaro ya san darajar mudu, domin shi ke raba gardama tsakanin mai saye da mai sayarwa. To idan shi kansa mudun ne ya lotsa fa, wa zai raba gardamar? Wannan tambaya ta hana ni sakat a watannin da nake haɗa kundin digirina na biyu, kuma labarin wani madubi da ke shawagi a sararin samaniya ne ya jawo mini ita.

A ranar 24 ga Afrilu, 1990, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, ta harba na'urar hangen nesa mai suna Hubble a cikin kumbon Discovery. Dalilin kai ta can, sama da kilomita 500 daga ƙasa, shi ne iskar da ta lulluɓe duniya tana karkatar da hasken taurari, ita ce ma ke sa mu ga kamar suna ƙyaftawa. Idan aka haye saman iskar, sai a ga komai tangaran. Zuciyar na'urar wani madubi ne mai faɗin mita 2.4, wanda kamfanin Perkin-Elmer ya gama gogewa a 1981.

Amma da hotuna suka fara isowa, sai aka ga taurarin sun fito dishi-dishi. A watan Yuni na 1990 NASA ta fito ta shaida wa duniya cewa madubin yana da aibi: an zarce wajen goge gefensa da kimanin kashi 1 cikin 50 na kaurin silin gashi. Wannan ɗan mitsitsin kuskure ya mayar da aikin da ya ci dala biliyan ɗaya da rabi abin ba'a a jaridu.

Kwamitin bincike ƙarƙashin Lew Allen ya gano cewa matsalar daga ma'auni take. Na'urar da ake gwada lanƙwasar madubin da ita an harhaɗa ta ba daidai ba, wani gilashi a cikinta ya goce da milimita 1.3. Saboda haka masu gugar suka yi ta aiki da matuƙar ƙwarewa, suna bin mudun da ya lotsa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne akwai wasu na'urorin gwaji guda biyu a kamfanin, kuma duk sun nuna alamar akwai matsala. Sai aka yi watsi da shaidarsu, a kan hujjar cewa ba su kai ta farkon inganci ba.

To jama'a, shin waɗannan mutane sun yi laifi, ko kuskure kawai suka yi? Mai kare su zai ce ba ƙarya suka shirya ba, sun dai amince da ma'aunin da suka ɗauka ya fi kowanne, kuma haka hankali ya tanada. Zai ƙara da cewa idan mai bincike ya tsaya sauraren kowane sakamako da ya saɓa wa sauran, ba zai taɓa gama aiki ba, ga shi kuwa lokaci ya ƙure musu, kuɗi ya zarce kasafi. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma duk wanda ya taɓa shiga ɗakin gwaji ya san sau da yawa sakamakon da ya fita daban shirme ne kawai.

Duk da haka ban gamsu ba. A ganina kuskure ba laifi ba ne, ɗan Adam ajizi ne. Laifin yana wurin da shaidu biyu suka ce a'a, ɗaya ya ce e, sai aka zaɓi wanda maganarsa ta yi daidai da abin da ake so a ji, ba tare da an tambayi me ya haddasa saɓanin ba. Da ingantaccen ma'aunin ne ya nuna matsala, sauran biyun suka ce lafiya lau, ai da an tsaya an bincika har a gano bakin zaren. Ke nan son zuciya ya shiga cikin awon, ko da masu yin sa ba su ankara ba.

Na faɗi haka ne da kunya, domin ni ma na kusa faɗawa ramin. Bincikena a kan gurɓacewar ruwan sha ne, kuma samfura uku sun ƙi bin layin da sauran suka bi. Lokacin miƙa kundi ya matso, kuɗin tallafin karatu ya kusa ƙarewa, ga biza tana ƙirga kwanaki. Da na goge layuka uku a kwamfuta, babu mai sani. Na kwana biyu ina kitsa wa kaina hujjoji masu kama da na ilimi, kafin na je na gaya wa malamin da ke duba aikina. Muka sake awon da wata na'ura dabam, aikin ya ci mako shida, kuma samfuran nan uku suka fito da gaskiyarsu. Sakamakon kundina ya ragu da armashi, amma zan iya kare kowane layi da ke cikinsa.

Ƙarshen labarin Hubble shi ya ƙarfafa mini gwiwa. Da yake an amsa kuskuren a fili, an kuma auna girmansa daidai, sai aka iya ƙera wa na'urar abin da ya yi kama da tabarau. A Disamba 1993 'yan sama jannati bakwai suka je a kumbon Endeavour, aka fita waje sau biyar aka yi gyaran. A Disamba 1995 Hubble ta ƙura ido kwana goma a wani ɗan gurbi na sama da ake gani kamar wayam, sai ga dangin taurari kusan 3,000, kowanne ɗauke da ɗimbin taurari. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

An kuma ɗauki darasi. Na'urar James Webb, wadda aka harba ranar 25 ga Disamba, 2021, tana zaune ne kimanin kilomita miliyan 1.5 daga duniya, inda ba a tanadi aika kowa ya yi gyara ba. Shi ya sa aka gwada madubinta mai faɗin mita 6.5 ta hanyoyi daban-daban masu tabbatar da juna, har da gwajin kusan kwana 100 cikin matsanancin sanyi a Houston a 2017. Hotunanta na farko da aka fitar a Yuli 2022 sun fito garau.

'Yan uwa, mafi yawanmu za mu koma gida da takardar shaida daga ƙasar waje, kuma za a riƙa kallon ta a matsayin mudun da ya fi kowanne. Ranar da manomi ko ungozoma ko tsohon ma'aikaci ya ce mana lissafinmu bai yi daidai da abin da yake gani a ƙasa ba, abu mafi sauƙi shi ne mu ce ai bai yi karatu ba. Wataƙila mu ne da gaskiya. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba mu da ikon yin watsi da maganarsa sai mun zauna mun gano me ya sa awonsa ya bambanta da namu. Allah Ya ba mu ikon karɓar gyara, ko daga bakin wa ya fito.