Kuɗin Gyaran Mota: Tambaya Zargi Ce, Ko Haƙƙi?

Na san da ganin kan wannan rubutu za ki ce, mu mata ina ruwanmu da gareji da baƙin mai? To ki ɗan yi haƙuri da ni. Motar da ke ƙofar gidanki, in kin bincika, sau da yawa akwai adashinki a cikinta, ko ɗan kunnenki, ko akuyar da kika kiwata. Kuma ranar da ta lalace, daga tukunyarki ake fara ragewa kafin a biya bakanike.

A shekarar 2024 ni da maigidana muka haɗa kuɗi muka sayi Toyota Corolla ta hannu, saboda zirga-zirgarmu tsakanin Kibiya da Rano, shi wurin aikinsa, ni kuma makarantar Islamiyyar da nake koyar da matan aure. Kusan rabin kuɗin kwasar adashina ce. Wanda ya sayar mana dillalin motoci ne a Kano, abokin yayan maigidana tun suna yara, yana kuma da garejinsa da yaransa. Ba a cika wata guda ba, wata ranar Alhamis da la'asar sakaliya muna hanyar Rano, sai motar ta ɗau zafi, tururi ya turnuƙe gabanta. Aka ja ta aka mayar wa Alhaji. Bayan kwana biyu ya bugo waya ya ce gyara zai ci naira 385,000. Haka kawai, dunƙule, babu bayani.

Daren nan mun jima muna magana. Na ce, "Malam, a tambaye shi mana, me da me za a canja?" Ya ce, "Haba Malama, mutumin da ya goya ni a kan kekensa? In na tambaye shi ai na ce masa ɓarawo ke nan." Kin ji inda matsalar take. Maigidana ba shi da kuɗin, kuma zuciyarsa ba ta kwanta da lissafin ba, amma kunya ta ɗaure masa baki, ya kuma sa wa kunyar sunan kyautata zato.

Wannan ita ce tambayar da nake so mu tattauna: idan wanda ya fi ki sanin abu ya yanka miki farashi, shin neman bayani munana zato ne? Kuma da wane ma'auni za ki gane an yi miki adalci, alhali ba ki san lagireto ba, balle gaskit?

Mu fara da zato. A Suratul Hujurat an gargaɗe mu game da yawan zato, an kuma nuna cewa wani sashensa zunubi ne. Zaton da ake nufi shi ne ki yanke wa mutum hukunci a zuciyarki ba tare da hujja ba, ki ƙulle shi, ki riƙa yaɗawa. Tambaya kuwa maganin wannan ce. Wadda ta biya ba ta tambaya ba, ita ce za ta shekara tana faɗa wa maƙwabta a gidan suna cewa Alhaji wane ya cuce su, ba tare da ta tabbatar ba. Ta yi asarar kuɗi, ta kuma ɗauki alhakin cin naman mutum. Ki lura kuma, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, kuma muminai ake wa magana, waɗanda suka fi mu amana nesa ba kusa ba. Da rubutu da ƙididdiga alamar rashin yarda ne, da ba a umarci Sahabbai da su ba.

A fiƙihun da muke karantawa a makarantunmu, gyaran mota ijara ce, wato ɗaukar mutum aiki da lada. Sharaɗinta a san aikin, a san ladan. Kuɗi dunƙule wanda ba a san nawa ne na kaya, nawa ne na hannu ba, akwai duhu a cikinsa, duhun nan kuwa shi ne yake haifar da rigima daga baya. Saboda haka na ɗauko takarda na ce wa maigidana, ba sai ya nuna shakka ba, ya ce kawai mai ɗakinsa tana da kaso a motar, tana son ta san abin da za ta nema. Gaskiya ce kuwa. Washegari ya dawo da lissafi: kan inji, wanda kanikawa ke kira tof silinda, ɗan Beljiyam, 210,000, lagireto 65,000, gaskit 25,000, famfon ruwa 30,000, baƙin mai da matata 25,000, kuɗin aiki 30,000. Alhaji bai ji haushi ba ko kaɗan. Kunyar da ta hana mu barci, ashe mu kaɗai muke jin ta.

Yanzu sai maganar ma'auni. Da yawanmu in an faɗi kuɗi sai mu auna shi da abin da muka sani a da, mu ce ai shekarun baya wannan kuɗin mota sukutum zai saya. Wannan ba ma'auni ba ne. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Bayan an saki naira a watan Yunin shekarar, sai ga ta ta haura 1,500 a 2024. An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin dakon kaya daga Legas ya tashi. A watan Janairun 2017 ma gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, abin da ya taɓa harkar Kwatano da mutanenmu suka saba da ita. Kayan gyaran nan kuwa kusan duk daga waje suke zuwa. Tsada daban, cuta daban. An taɓa yin tsada a Madina, mutane suka roƙi Manzon Allah (SAW) ya ƙayyade farashi, bai yi ba. Abin da malamai suke komawa gare shi shi ne farashin da ake sayar da irin abin a kasuwa a wannan lokaci, da ladan da ake biyan irin wannan aiki a garin.

To ina kasuwar? Ga mutanen Kano, Ƙofar Ruwa ce. Ƙanina ya shiga ya tambayi shago uku, ya kawo mana farashi. Nan na sha mamaki, domin lagireton da gaskit ɗin duk kuɗinsu ke nan, har wani shagon ya fi Alhaji tsada. An kuma nuna masa gaskit mai araha sosai, masu shagon da kansu suka ce masa ba ya jimawa. Da na tsaya a kan cewa duk mai sauƙin farashi shi ne mai gaskiya, da na zalunci mutumin nan a zuciyata, na kuma sa an ɗaura wa motar abin da zai ƙone kafin damina ta wuce. Kaya suna suka tara: akwai sabo na asali, akwai ɗan Beljiyam da aka ciro daga wata motar, akwai na kwaikwayo. Kafin ki kwatanta farashi biyu, ki tabbata abu iri ɗaya ake magana a kai.

Amma farashin kaya rabin magana ne. Sauran rabin, wanda ya fi wuya, shi ne: shin ana ma buƙatar canja kayan? A nan ne wanda bai sani ba yake zama kamar mara lafiya a gaban likita. Bari in faɗa miki ɗan abin da na koya, don wata rana zai yi miki amfani. Inji yana sanyaya ne da ruwan da famfo ke zagayawa da shi ta cikin lagireto, fanka tana hura masa iska. Idan ruwan ya zube, ƙarfen kan injin yakan yi zafi har ya ɗan lanƙwashe, gaskit ɗin da ke tsakaninsa da gangar injin ya ƙone. Alamarsa, baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, ko farin hayaƙi ya riƙa fita ta salansa, ko ki ga ruwan lagireto yana kumfa. Idan kan injin lanƙwasa kawai ya yi, ana kai shi wurin masu inji su goge fuskarsa ta daidaita. Sai in ya tsage, ko lanƙwasar ta yi yawa, ake sayen wani.

Muka roƙi wani dattijon bakanike a Rano, wanda ba ya sayar da kaya kuma ba shi za a ba aikin ba, muka biya shi kuɗin mota da na ganinsa, ya je ya duba. Wannan sharaɗin yana da muhimmanci, 'yar uwa. In kika tambayi wanda yake kwaɗayin aikin ya dawo hannunsa, ba lallai ya yi wa ɗan uwansa adalci ba. Dattijon ya sa aka gwada kan injin, aka ga bai tsage ba, guga kawai yake so, naira 20,000. Famfon ruwa kuma ya ce lafiyarsa ƙalau. Lissafi ya sauko daga 385,000 zuwa 165,000.

Za ki ce to ai ga cutar ta fito. Ni ma haka na fara cewa, har na ɗaga murya. Amma da na natsu sai na ga ba ni da hujjar cewa Alhaji ya yi niyyar cuta. Yaransa sun saba da canja abu gaba ɗaya saboda ya fi sauri, kuma ba za a dawo musu da ƙorafi ba. Kasala ce da rashin tausayin aljihun mutane, kuma laifi ce, domin wanda ya miƙa maka wuya ya ce yi mini yadda kake wa kowa, amana ya ba ka. Malaman Malikiyya sun yi magana a kan irin wannan mai saye da ya dogara ga gaskiyar mai sayarwa, suka ce in an yi masa ƙari mai muni yana da damar warware cinikin, wasunsu ma suka ƙaddara munin da sulusin farashi. Duk da haka, tsakanin "ya yi sakaci" da "ɓarawo ne" akwai tazara, kuma a kan wannan tazarar za a tambaye ni ranar gobe.

Sai dattijon ya nuna wani abu da ya buɗe sabon babi. A ƙasan lagireton akwai tsohon liƙi, an shafe shi da gam, ya riga ya yi baƙi. Ma'ana, motar tana yoyo tun kafin mu saya. Kin san ƙissar da Manzon Allah (SAW) ya wuce mai sayar da abinci, ya sa hannu cikin tsibin ya ji danshi a ƙasa, ya tsawatar masa a kan ɓoye jiƙaƙƙen a inda mai saye ba zai gani ba. Hukuncin aibi a ciniki sananne ne: wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibi da ba a nuna masa ba, yana da zaɓin ya mayar ko ya riƙe, in kuma wani sabon aibin ya auku a hannunsa, ana duba a rage masa gwargwadon tsohon. Maganar da dillalai suke yi cewa "yadda ka gani haka ka saya" ba ta wanke mutum daga aibin da ya sani ya yi shiru.

Alhaji ya rantse bai san da liƙin ba, ya ce haka motar ta zo masa. Allah ne masani. Amma ga abin da ba na so in ɓoye miki, tunda ina wa'azin kada a ɓoye aibi. Ranar da abin ya faru, ina zaune a gaba, na ga allurar zafi ta hau tun muna nesa da gari. Maigidana ya ce zai tsaya, ni na ce ya daure mu ƙarasa kada magariba ta same mu a hanya da yara. Waɗannan 'yan mintoci su suka ƙona gaskit ɗin. Da mun tsaya, da lagireto kawai za a gyara. Na so ƙwarai a ɗora wa Alhaji kuɗin duka, kuma da na yi shiru da wataƙila an ɗora masa, don shi ma kunyar yayan maigidana yake ji. Kwana biyu ina juya abin a raina. Wallahi neman haƙƙinka a wurin wani ya fi sauƙi a kan fitar da haƙƙin wani daga hannunka.

Aka zauna a zauren yayan maigidana bayan sallar Juma'a. Maigidana ya faɗi maganar liƙin, ya kuma faɗi maganar allurar kamar yadda na roƙe shi. Alhaji ya ɗauki kuɗin lagireto, 65,000, mu muka ɗauki sauran 100,000.

Saura abu ɗaya, kuma shi ya fi ba ni kunya. Cikin lissafin nan duka, abin da na fara sa wa ido in rage shi ne kuɗin aiki, naira 30,000. Ban yi jayayya da ƙarfe ba, sai da gumin mutum. Mutum uku ne suka kwana biyu a kan injin, ɗaya daga cikinsu yaro ne da bai wuce sa'ar ɗana na fari ba, hannunsa duk ƙuna. Kuma a mazhabarmu mai sana'ar da aka ba kaya ya yi aiki a kansu, lamuninsu yana wuyansa in sun salwanta a hannunsa, kin ga ke nan ba ƙarfinsa kawai muke saya ba. Haka muke yi wa tela, da mai kitso, da yarinyar da ke mana wanke-wanke: mu biya mai shago ba musu, mu zo kan mai aikin hannu mu ce "a yi mana ragi", ko "sai wata ya yi". Ba mu rage ko sisi ba, aka ba su a ranar da suka gama.

Takardar lissafin tana nan cikin littafin rajistar ɗalibaina, da rubutun Alhaji da gyaran da dattijon ya yi da jan biro. Tsohon lagireton kuma na sa an dawo mana da shi, domin namu ne. Yana bayan ɗakin girki, mai gwangwan ya taya shi har sau biyu ban sayar ba tukuna. Motar kuwa, kowace safiya kafin a tayar da ita, ni da kaina nake tsayawa sai na ga an buɗe gabanta an duba ruwa.