Gobe Ba a Hannunmu Take Ba: Tawakkali da Natsuwar Zuciya

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai jujjuya al'amura yadda Ya so. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, duk wanda ya san Tsauni da garuruwan da ke kewaye da Matamaye ya san binne. Idan bazara ta yi nisa, sai manomi ya buɗe rumbu ya ɗebi irin da ya adana tun kaka, wanda ya hana wa bakin 'ya'yansa, ya je ya zuba shi cikin busasshen rairayi tun ruwa bai sauka ba. In ruwa ya zo da ƙarfi, ya riga kowa. In kuwa yayyafi aka yi aka ɗauke, hatsin ya tsiro ya ƙone, sai a sake shuka, wata shekarar har sau uku. To, a cikin masu binnen nan akwai wanda zai koma gida ya yi barcinsa, akwai kuma wanda zai kwana yana leƙen sama, yana juyi bisa tabarma. Ƙasa ɗaya suka shuka, sama ɗaya suke jira. Me ya raba su? Wannan ita ce tambayar da muke so mu duba a wannan karo.

Idan muka lura da kyau, za mu ga cewa mafi yawan abin da ke cin zukatanmu bai riga ya faru ba. Yunwar yau tana da iyaka, amma tsoron yunwar baɗi ba shi da iyaka, domin zuciya ce ke ƙera shi, tana kuma ƙara masa kullum. Asalin wannan ciwo shi ne muna neman tabbas a wurin da Allah bai sanya tabbas ba. A aya ta 34 ta Suratu Luƙman an ambaci abubuwa biyar da saninsu ke wurin Allah: tashin Alƙiyama, saukar ruwa, abin da ke cikin mahaifa, abin da rai zai aikata gobe, da ƙasar da zai mutu a cikinta. Mu duba da kyau. Ruwan damina, da haihuwa, da abincin gobe, da ajali, ai su ne dai abubuwan da ke hana mu barci. Ko cibiyar AGRHYMET da aka kafa a Yamai a 1974, bayan babban farin nan, hasashe take bayarwa game da damina, ba ta yi wa kowa alkawarin ranar da ruwa zai sauka a gonarsa. Sauraron irin wannan hasashe riƙon sababi ne. Zuwa wurin boka ko mai duba don a gaya mana gobe kuwa, neman abin da aka rufe ne, kuma mai yin haka ba ya dawowa da komai sai ƙarin tsoro da raunin imani.

Malamanmu sun daɗe da gano maganin. Shehu Ibnu Aɗa'illahi, malamin Malikiyya mutumin Iskandariyya wanda ya rasu a Alƙahira a shekara ta 709 bayan Hijira, ya wallafa littafi sukutum a kan wannan mas'ala, mai suna At-Tanwir fi Isƙaɗit Tadbir. A ciki ya rarrabe tsakanin shiri abin yabo, wanda bawa ke yi don sauke hakkin da ke kansa, da shiri abin zargi, wanda zuciya ke yi tana jayayya da Ubangiji a kan yadda al'amura za su kasance. Ma'ana dai, rayuwa kashi biyu ce. Akwai abin da aka ɗora mana: zaɓen iri, gyaran gona, noma a kan lokaci, neman magani, tarbiyyar 'ya'ya. Akwai kuma abin da ba a ɗora mana ba, wato sakamako. Manomin da ya yi barci ya ɗauki kashinsa ya bar wa Allah Nasa. Wanda ya kasa barci kuwa ya ɗora wa kansa kaya biyu, alhali na biyun ba a halicci wuyansa don ɗaukarsa ba.

Sai dai kada a fahimci wannan a matsayin izinin naɗe hannu. Tirmizi ya ruwaito cewa wani mutum ya tambayi Manzon Allah (S.A.W.) ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, sai aka umurce shi da ya ɗaure ta sannan ya dogara. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik kuma akwai labarin Sayyidina Umar (R.A.) lokacin da ya nufi Sham, ya iso Sarga aka sanar da shi annoba ta ɓarke. Bayan shawara sai ya yanke a koma Madina. Abu Ubaida (R.A.) ya ga kamar gudun ƙaddara ne, sai Umar ya nuna masa cewa komawar ita ma cikin ƙaddara take. Ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai ɓangare biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kai raƙumansa, da ƙaddarar Allah ya kai su. Ashe mai tawakkali yana zaɓen ɓangaren ciyawa, abin da ya bari kawai shi ne riya cewa shi ke tsirar da ita.

A nan wani zai iya cewa: wannan magana ta mai ƙoshi ce, yaya za a ce wa uwar da rumbunta ya ƙare tun kafin bazara ta kwantar da hankalinta? Tambaya ce mai nauyi, kuma mu mutanen wannan yanki ba mu da ikon kauce mata. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawawwakin mutum 92 a cikin hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga cikinsu yara ne, sauran kuma mafi yawansu mata. Motocinsu ne suka lalace a kan hanyar Tamanrasat, ƙishirwa ta kashe su. Akasarinsu daga gundumar Kance suka fito, wato 'yan'uwanmu ne na jini da maƙwabtaka. Ƙasa ta yi zaman makoki na kwana uku. Allah Ya jiƙansu, Ya sa Aljanna ce makomarsu.

Ba ya halatta ga kowa ya ce rashin tawakkali ne ya kai su, domin Allah kaɗai Ya san abin da ke cikin zukata, kuma ajali ba ya tambayar mutum matsayin imaninsa. Abin da ya kamace mu shi ne mu tambayi kanmu. Ciyar da iyali wajibi ne a kan miji. Hatsin da ruwan sama ya shayar, idan ya kai nisabi na ausuƙi biyar, ana fitar da kashi ɗaya cikin goma, na ban-ruwa da wahala kuma rabin haka. Hakkin maƙwabci sananne ne. Duk waɗannan suna cikin kashin da aka ɗora mana. Wanda ya ɓoye buhunan hatsi yana jiran tiya ta yi tsada, don tsoron abin da gobe za ta kawo, shi ne ya fi kowa buƙatar wannan wa'azi, domin rashin natsuwarsa ce ke zama yunwar maƙwabcinsa. Sayyidina Umar a shekarar yunwa ta Ramada bai tsaya ga ce wa mutane su yi haƙuri ba. Ya aika wa gwamnoninsa su turo abinci, ya kafa wuraren ciyarwa, ya hana wa kansa maiƙo har jama'a suka samu sauƙi. Saboda haka tawakkali magani ne da mutum ke fara ba kansa, kafin ya miƙa wa mai jin yunwa, kuma idan zai miƙa, to ya haɗa da mudu.

Muna da wani darasi a gonakinmu. Bayan farin 1984, manoman Matamaye da Magarya da Mirya sun ƙara himma wajen barin 'ya'yan gawo su girma a cikin gonaki maimakon sare su. Gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa hatsi inuwa, yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, da rani kuma dabbobi su ci 'ya'yansa. Dattijon da ya kare tsiron gawo bai san ko zai kai lokacin da zai zauna ƙarƙashinsa ba, bai kuma nemi a ba shi tabbaci ba. Ya yi nasa, ya wuce. Yau jikokinsa ke amfana.

Don haka, ya ku 'yan'uwa, idan damuwa ta taso mana, mu raba ta biyu. Abin da ke hannunmu mu tashi mu yi shi yau, da shawara da istihara. Abin da ba ya hannunmu mu miƙa shi ga Mai shi da addu'a, mu daina tuhumar Sa. Hausawa sun ce zafin nema ba ya kawo samu, sun kuma ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Wanda ya yi binne ya fitar da hakkin maƙwabcinsa, ya cancanci ya yi barci.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya azurta mu da zuciya mai natsuwa da hukuncinSa, Ya sa mu cika da imani. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.