Ciwon da Ido Ba Ya Gani: Iyakar Haƙuri da Haƙƙin Majinyaci

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya saukar da cuta kuma Ya saukar da magani, Ya sanya lafiya ni'ima, Ya sanya rashinta jarrabawa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa, mas'alar da muke so mu duba a wannan fitowa ita ce ta mutumin da ya daɗe yana fama da ciwon haƙarƙari da gadon baya, wata da watanni, wani ma shekara da shekaru, alhali babu rauni a jikinsa, babu zazzaɓi, bai rame ba. An ɗauki hoton ƙirji, an auna jini, likita ya ce bai ga kome ba. Irin wannan majinyaci yana nan cikin unguwanninmu na Yamai, daga Bukoki zuwa Talaje, daga Yantala zuwa Harobanda, kuma sau da yawa mace ce. Tambaya biyu ce a gabanmu. Shin idan ya yi ta faɗin ciwonsa ya fita daga sahun masu haƙuri? Mu kuma masu lafiya, ya wajaba a kanmu mu gaskata shi a kan abin da idonmu bai gani ba?

Abin da likitoci suka gano

Malaman usulu sun karantar da mu cewa ba a yanke hukunci a kan abu sai an fahimci yadda yake. Saboda haka bari mu fara da jiki.

Ɗan Adam yana da haƙarƙari 24, goma sha biyu a kowane gefe. Bakwai na sama a kowane gefe suna haɗe da ƙashin tsakiyar ƙirji ta hanyar guringuntsi, domin ƙirji ya iya buɗewa idan an ja numfashi. Wannan mahaɗa takan yi tsami ta yi zafi, bayan tari mai tsanani, ko ɗaukar kaya mai nauyi, ko bugu, wani lokaci kuma ba tare da an gane dalili ba. Likitoci suna kiranta kostokondirit. Alamarta ita ce in an danna wurin da yatsa zafin yakan taso, kuma yakan ƙaru da tari ko atishawa ko dogon numfashi, har ya zagaya zuwa baya. Wani likitan Jamus mai suna Alexander Tietze ya bayyana nau'inta mai zuwa da kumburi tun shekarar 1921. Galibi takan lafa cikin makonni ko watanni, amma akwai wanda takan daɗe masa, ta tafi ta komo.

Ta biyu ita ce fibromiyalji, watau ciwon da ke game jiki, sama da ƙasa, dama da hagu, fiye da wata 3, tare da gajiya da barcin da ba ya hutar da mai shi da yawan mantuwa. Ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka ta tsara sharuɗɗan gane ta a 1990, inda ake danna wurare 18 a jiki a ga ko 11 daga ciki suna zafi. A 2010 aka sake tsarin, aka koma dogaro da bayanin majinyaci game da faɗin ciwon da tsananinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin kundinta na cututtuka. Abin da bincike ya nuna shi ne, hanyoyin da ke kai saƙon zafi ta laka zuwa ƙwaƙwalwa sukan ƙara wa saƙon ƙarfi fiye da kima, kamar lasifikar masallaci da aka ɗaga muryarta har ƙarshe, ƙaramin motsi sai ya zama ƙara. Shi ya sa hoto ba ya nuna kome, domin ƙashi da nama lafiyarsu lau, amma zafin da ake ji na gaske ne.

Sai dai mu yi gargaɗi a nan. Ciwon ƙirji ba abin da mutum zai yanke wa kansa hukunci ba ne. Idan ya zo da zufa da sarƙewar numfashi, ko ya gangara hannun hagu ko muƙamuƙi, to a garzaya asibiti nan take, domin yana iya zama zuciya. Idan akwai tari fiye da mako 2 da rama da zufar dare, a auna tarin fuka, wanda yakan kama ƙashin baya ma, kuma maganinsa kyauta ne a Nijar. Mai amosanin jini kuwa yana da cibiyarsa ta ƙasa a nan Yamai. Sai an kawar da waɗannan sa'an nan ake maganar abin da muke ciki.

Faɗin ciwo da haƙuri

Mun taso cikin al'adar da ke girmama dauriya. Ana yabon macen da ta haihu ba a ji muryarta ba, ana yabon yaron da aka yi wa kaciya bai yi kuka ba. Dauriya hali ne mai kyau, amma mutane da yawa sun ɗauke ta ita ce haƙurin da shari'a ta yi umurni da shi, har suna ganin wanda ya ce "ina jin zafi" ya yi wa ƙaddara tsaurin ido.

Alƙur'ani mai girma ya warware wannan. A cikin Suratul Anbiya'i an ba mu labarin Annabi Ayyuba, amincin Allah ya tabbata a gare shi, yana gaya wa Ubangijinsa cutar da ta same shi, kuma a cikin Suratu Sad Allah Ya shaide shi da haƙuri. Annabi Yaƙuba, a cikin Suratu Yusuf, ya ɗauki alkawarin kyakkyawan haƙuri, sa'an nan ya kai kukan baƙin cikinsa ga Allah, ba a ce ya saɓa alkawari ba. Manzon Allah da kansa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ambaci ciwon kansa ga Nana A'isha, ya kuma gaya wa Ibnu Mas'ud tsananin zazzaɓinsa, kamar yadda ya zo cikin Sahihul Buhari.

Daga nan ne malamai irin su Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751 bayan Hijira, suka rarrabe tsakanin abu biyu. Akwai kukan da ke ɗauke da fushi da hukuncin Allah, shi ne abin zargi. Akwai kuma ba da labarin hali ga likita domin ya yi magani, ko ga ɗan'uwa domin ya taimaka, alhali zuciya ta sallama. Wannan bai taɓa haƙuri ba. Haƙuri a zuciya yake. Mai yiwuwa ne mutum ya yi shiru alhali cikinsa cike yake da fushi, wani kuma yana nishi alhali ya yarda da Ubangijinsa.

Wani zai ce, tun da cuta tana kankare zunubi, me ya sa za a wahala neman magani? Amsa ita ce wanda ya yi mana albishir da kankarar zunubin shi ne kuma ya yi umurni da neman magani, ya yi ƙaho da kansa. Magabatanmu a wannan yanki haka suka fahimta: Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya wallafa littattafai a kan ciwon ido da basir. Ibnu Sina kuwa, tun ƙarni na 11, ya ƙididdige nau'o'in zafi 15 cikin littafinsa Al-Ƙanun, kowane da sifarsa. Ina zai san su, in da majinyata sun yi shiru?

Wajibin gaskatawa

Tambaya ta biyu ta fi nauyi, domin mu ta shafa. Macen da ta ce ba ta iya daka ko wanki yau, sai a ce son jiki ne. Ɗan ga-ruwa ko ɗan dakon kasuwar Katako da ya ce haƙarƙarinsa sun hana shi fita, sai a ce lalaci ne. Hujjarmu ita ce jiya mun gan shi yana dariya, kuma likita ya ce babu kome. Alhali ɗabi'ar wannan cuta ke nan, yau da sauƙi gobe babu, kuma abin da likita yake nufi shi ne na'urarsa ba ta ga karaya ko ƙari ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ƙungiyar masana zafi ta duniya, da ta sabunta ma'anar zafi a 2020, ta nanata cewa a mutunta bayanin mai jin zafi a kan kansa.

Ba mu musun cewa akwai masu ƙaryar ciwo. To amma mu auna kuskuren biyu. Idan muka gaskata maƙaryaci, hasararmu aikin yini ɗaya ne, zunubin kuma nasa ne. Idan muka ƙaryata mai gaskiya, mun haɗa masa ciwo biyu, na jiki da na wulaƙanci, mun kuma ɗauki alhakin mummunan zato wanda Suratul Hujurati ta hane mu. Mai hankali ya san wanda zai fi so ya tarar a littafinsa ranar hisabi.

Shari'a ma haka ta yi. A hadisin Imrana ɗan Husaini, wanda basir ya dama, an ba shi damar yin salla a zaune in ya kasa tsayuwa, ko a kishingiɗe in ya kasa zama. Risala ta Ibnu Abi Zaidin da Ahalari, waɗanda muka karanta tun muna yara, sun kawo wannan sauƙi tare da na taimama. Ba a ce sai ya kawo shaidu biyu ba. An bar shi da Ubangijinsa, domin shi ya san jikinsa. In Allah Ya amince da maganar bawa a kan haƙƙinSa na salla, mu su wane ne da za mu ƙi amincewa da ita a kan turmi da taɓarya?

Akwai wani zalunci kuma da ke biyo baya. Idan asibiti bai ga kome ba, sai a ce sammu ne, a ɗora wa kishiya ko maƙwabci, zumunci ya yanke a kan cutar da take da suna a littattafan likita. Wasu kuma su ce wa majinyaci zunubinsa ne ya kama shi, sun manta annabawa su ne mafi tsananin jarrabawa.

Haƙurin da ke da aiki

Shi ma majinyaci akwai abin da ke wuyansa. Yawan maimaita kuka ga kowa yana gajiyar da iyali, yana kuma tsare hankali a kan zafin. Ya zaɓi wanda zai gaya wa: likita, da wanda ke kula da shi, da Ubangijinsa cikin dare.

Sa'an nan ya sani haƙuri a irin wannan cuta shi ne dagewa a kan magani mai jinkirin amfani. Ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Turai, cikin shawarwarinta da aka buga a 2017, ta sa motsa jiki a gaban kowane magani na fibromiyalji. Kwanciya yini guda tana ƙara sandarewa. Tafiya kaɗan bayan Asuba ko bayan La'asar, a ƙara sannu a hankali. Raba aiki kashi-kashi, kada ranar sauƙi a yi aikin kwana uku a kwanta mako. Kiyaye lokacin barci da rage shayi da dare. Gasa wurin da tsumma mai ɗumi, musamman da hunturu. Akwai ƙwayoyi da likita kan rubuta, irin su amitriptilin, waɗanda ke rage zafi su gyara barci ga wasu. Masu kashe zafi irin su ibuprofen da diklofenak suna taimakon guringuntsin haƙarƙari na ɗan lokaci, amma daɗewa a kansu yana cutar da ciki da ƙoda, don haka mai azumi ya tambayi likita. A fara da asibitin unguwa. In ya gagara, a nemi takardar turawa zuwa Babban Asibitin Ƙasa, ko na Lamorde, ko Babban Asibitin Koli da aka buɗe a 2016.

Babban tarko shi ne tramol na masu talla a faranti. A watan Disamba na 2017 ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi gargaɗi a kan yadda wannan ƙwaya ta mamaye ƙasashen Sahel. Tana kwantar da zafi na sa'o'i, sa'an nan jiki ya saba ya nemi ƙari, kuma yawanta yana kawo farfaɗiya. Sau da yawa abin da ke tura mutum gare ta shi ne an ƙi yarda yana ciwo, dole ya fita aiki ko ta halin ƙaƙa. Wanda ya ƙaryata shi yana da kaso cikin wannan alhaki.

Saboda haka muna kira ga magidanta su sauƙaƙa wa matansu aiki ranar da jiki ya ƙi, ga iyayen gida su ji tausayin ƴan aikinsu, ga limamai su tanadi kujera a gefen sahu ba tare da tambaya ba. Ziyarar marar lafiya ba ta faɗuwa don cutar ta daɗe. Wanda ya shekara yana ciwo ya fi wanda ya kwana uku bukatar a leƙa shi.

Muna roƙon Allah, Mai warkarwa, Ya bai wa majinyatanmu lafiya mai ɗorewa, Ya sanya abin da suka ɗanɗana ya zama kaffara, Ya tsare harsunanmu daga ƙaryata mai gaskiya. Allah shi ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.