MAKAHON DA YA YI AWO DA KUNNE

Jama'a, akwai wata magana da ta zame mana jiki. In muka ga makaho ya gwanance a wani abu, sai mu kaɗa kai mu ce, "Ai haka suke, an ɗauke musu ido an ba su basira." Maganar tana da daɗin ji, kai ka ce yabo ne. Amma na daɗe ina juya ta a raina: wai shin yabo ne, ko kuwa dabarar sauke nauyi ce? Bari in ba ka labarin wani mutum, ya kai mai karatu, sai mu yanke hukunci tare.

Sunansa George Shearing. An haife shi a unguwar Battersea ta birnin Landan a shekarar 1919, kuma da makantarsa ya zo duniya. Shi ne auta cikin 'ya'ya tara. Ubansa kwal yake kai wa mutane gida-gida, uwarsa kuwa sharar taragon jirgin ƙasa take yi da dare. Talauci dai iya talauci. Yana ɗan shekara uku ya fara taɓa fiyano, daga baya aka sa shi makarantar makafi ta Linden Lodge, inda ya yi shekara huɗu ana koya masa kiɗa. Da ya fito sai ya kama aiki a wata mashaya, yana kiɗa ana biyansa sule 25 a mako. Lada ce ta aiki, ba sadaka ba.

Wani zai ce, to ai ga shi nan, yaro ɗan shekara uku da fiyano, in ba baiwa ba mene ne? Ban musa ba, baiwa akwai ta. Sai dai makafi nawa aka haifa a Landan a wannan zamani, kuma nawa ne duniya ta ji sunansu? Da makanta ce ke ba da gwaninta, ai da duk sun zama gwanaye. Shi wannan ya sami abin kiɗa a kusa da hannunsa, ya sami malami, ya sami wanda ya yarda ya ɗauke shi aiki. Sauran kuwa guminsa ne: sauraron faifan manyan makaɗan jaz na Amurka irin su Fats Waller da Teddy Wilson, da maimaitawa har yatsu su haddace. Hausawa na cewa in ka ji makaho ya ce a yi wasan jifa, to ya taka dutse. Dutsen da wannan ya taka, shekarun wahala ne.

A 1947 ya tattara ya koma Amurka, ƙasar da ta haifi jaz, inda gwanayen fiyano suke jingim, kuma babu mai sayen faifai don tausayi. A 1949 ya kafa ƙungiyarsa ta mutum biyar, suka fitar da wani faifai mai suna "September in the Rain" wanda aka sayar da kusan dubu 900. Sirrin kiɗan shi ne hannuwansa biyu suna tafiya tare kamar an ɗaure su da igiya ɗaya, jita tana bin muryar ƙasa, wani abin kiɗa mai jerin ƙarafa da ake bugawa da 'yan sanduna yana bin muryar sama, sai sautin ya fito sumul kamar na mutum ɗaya. Salon hannuwan daga wani makaɗi baƙar fata ya samo shi, Milt Buckner.

To, ga inda nake so ka nutsu. Su waye mutum huɗun da ya zaɓa? A wannan lokaci, a jihohin kudancin Amurka, doka ce ta raba baƙi da fari a masauki da gidan abinci da motar haya. Shi kuwa Baturen Ingila ya ɗauki John Levy da Denzil Best, dukansu baƙaƙe, ɗaya kan babban goge mai kaurin murya, ɗaya kan ganguna. Ya ɗauki Chuck Wayne, farar fata, kan jita. Mai buga ƙarafan nan kuwa mace ce, Marjorie Hyams, a sana'ar da maza suka mamaye. Daga baya ma John Levy ɗin ne ya zama manajansa, mai kula da kuɗinsa da kwantiraginsa.

Na san abin da za a ce: "Ai don ba ya gani ne." Wannan ma wata sauke nauyin ce. Kana jin bai san wane ne baƙi wane ne fari ba? Yana da kunne, yana da masu gaya masa, ya kuma san ƙasar da yake ciki. Ƙin mutum saboda asalinsa ai ba ta ido yake shiga ba, ta kunne yake shiga. A gida ake raɗa wa yaro wanda zai raina tun bai gan shi ba. Makaho ma yana iya ɗaukar wannan cuta. Shi dai ya zaɓi ya auna mutane da mudun da yake so a auna shi da shi, wato aiki. Wanda ya san zafin a yanke masa hukunci kafin a saurare shi, bai kamata ya yi wa wani haka ba, kuma bai yi ba.

Ya shirya "Lullaby of Birdland" a 1952, kiɗan da makaɗan jaz suka yi ta maimaitawa bayansa. A 2007 Sarauniya Elizabeth ta ba ɗan mai tallan kwal sarautar Sir. Ya rasu a Niyok a 2011 yana da shekara 91.

Yanzu mu dawo kan maganarmu ta farko. In muka ce basirar makaho daga makantarsa take, mun yi ɓarna biyu. Mun ƙwace wa gwani ladan wahalarsa, sa'annan mun wanke hannunmu daga yaron nan da ake ja da sanda a bakin hanya, tunda dai wai ya riga ya sami rabonsa. Ban ce a daina ba shi abin da ya sawwaƙa ba, yunwa ba ta jiran wa'azi. Amma naira hamsin da ka jefa a ƙoƙonsa ta yau ce kawai. Ka taɓa tsayawa ka tambaye shi sunansa, da abin da yake so ya koya? Sai an gwada akan san na ƙwarai, mu kuwa ko gwadawar ba mu yi ba.

Ni dai a nawa ganin, tausayin da ba ya buɗe wa mutum ƙofa, raini ne ya sa rigar kirki. Allah Ya sa mu gane.