Haƙƙin Ɗan'uwa Da Aka Kama Da Ƙwaya

Yaron da aka kama da ƙwaya namu ne,
Laifinsa nasa, zumuncinsa a kanmu ne.

Sharhi: Ka sani, ya kai ɗan'uwa, dokar Kamaru ta 1997 ta tanadi ɗauri da tara ga mai fataucin wiwi da ƙwayoyin maye. Wanda aka kama a lungunan New Bell yakan ƙare a babban kurkukun Duwala da ke unguwar, wanda aka gina domin ɗaruruwa amma dubbai ke ciki, da yawansu suna jiran shari'a.

To, mene ne wajibin dangi? Waɗansu sukan kai toshiya a sake shi. Wannan haramun ne, kuma yana koya wa yaro cewa kuɗi na wanke laifi. Waɗansu sukan ce ba ɗansu ba ne. Wannan yanke zumunci ne, kuma miƙa shi ne ga dillalan da suka ɓata shi.

Abin da ya dace shi ne a nema masa lauya, a kai masa abinci, a yi masa nasiha ya tuba. In ya fito a ba shi sana'a, domin hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Allah Ya shirye mu da zuriyarmu, amin.